Yadda Ake Shirya Taron Tsofaffin Motocin Faransa Da Ayari Daga Matamaye Zuwa Damagaram

A Turai masu sha'awar tsofaffin motoci na taruwa su yi ayari, su zaga ƙauyuka don nishaɗi. Mu a nan motocin da suke ji da su ba su gama aiki ba tukuna: Peugeot 404 mai rumfa na ɗaukar rake, 504 na jigilar 'yan kasuwa. Saboda haka wanda zai shirya irin wannan taro a Matamaye ba sai ya nemi attajirai ba, direbobi da bakanikai ne jama'arsa.

Mataki na 1: Nemo motocin

Fara da tasha da garejin gyara. Tsohon bakanike ya san kowace fijo da ke garin, ya san wadda ke tashi da wadda ta shekara a kan duwatsu. Abin da za a fi samu shi ne 404, wadda ta fito a 1960, da 504 ta 1968, da 505 ta 1979. Dalilin yawansu bai ɓoyu ba: kamfanin PAN ya fara haɗa fijo a Kaduna a 1975, kayan gyara kuma suka cika Kano. In aka yi dace da Renault 4 ko Citroën 2CV, a lallaɓi mai ita ya fito da ita, don ita yara za su fi yi wa caa. Mota shida zuwa goma ta isa a karon farko.

Mataki na 2: Zaɓi lokaci

Disamba ko Janairu. An gama girbi, rake ya cika gari, injin kuma ba ya wahala. Kada a kuskura a sa rana a Afrilu ko Mayu, zafin bazara zai tafasa ruwan mota kafin a kai Takeita da ke kan hanya. A kauce wa ranar kasuwa.

Mataki na 3: Sanar da hukuma

Motoci goma a jere na jan ido, ballantana a gari da ke kusa da iyakar Najeriya. A rubuta wa magajin gari da firefe, a sanar da jandarma rana da hanya da adadin motoci. Abin da suka ce game da tsaro shi za a bi. A je a yi gaisuwa a fada, a nemi albarkar manya. Kowane direba ya riƙe parmi da kart giriz da asirans a hannu.

Mataki na 4: Duba kowace mota

Nan ne taron ke gyaruwa ko ya lalace, kuma nan ne ake samun gardama, domin babu mai son a ce motarsa ba ta isa ba. A naɗa bakanike ɗaya wanda maganarsa ce yanke, ya duba motocin mako guda kafin ranar. Birki ne farko. Motar da birkinta ke da shakka ta tsaya a filin taro a kalle ta, ba ta shiga ayari. Sai ruwan sanyaya injin da tiyoyinsa da bel ɗin fanka. Sai taya: wadda ta daɗe a ajiye tana iya zama da zane mai kyau amma gefenta ya tsattsage. Motar da ta jima ba ta tashi ba a wanke tankinta, don tsatsa ce ke toshe kafireto. Ƙurar hunturu kuma na buƙatar matatar iska mai tsafta. Mai 2CV ba ruwansa da ruwa, iska ke sanyaya injinsa, sai dai ya kula da baƙin mai.

A sha mai a gidan mai. In dole ta sa aka sayi na kwalba a bakin hanya, a tace shi da ƙyalle. Kowace mota ta ɗauki jarkar ruwa, buji, bel, jak da safaya taya.

Mataki na 5: Tsara ayari

Hanyar ba ta kai kilomita 100 ba: Matamaye, Kance, Takeita, sannan a hau babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1 zuwa Damagaram. Motar da ta fi rauni ita ce ta biyu, bayan jagora, domin kowa ya tafi da saurinta. Bakanike da igiyar ja su zo ƙarshe. Ba tsere, ba wuce juna, kilomita 60 a awa ya wadatar. A bar tazarar da babbar mota za ta iya shiga tsakani, a lura da amalanke da dabbobi a bakin ƙauyuka.

A tashi tun hantsi bai yi ba. A tsaya a Kance, a sake tsayawa a Takeita a buɗe bonet injin ya huce, a sha shayi.

Mataki na 6: Sauka a Damagaram

A ajiye motocin inda aka nuna, a shiga tsohuwar unguwar Birni a ƙasa, a ga fadar Sarkin Damagaram da gidajen zane. Garin ya san irin wannan baƙunta: ayarin Citroën da ake kira Croisière Noire, wanda Georges-Marie Haardt ya jagoranta, ya ratsa ta nan a 1924, lokacin Damagaram ce babban birnin Nijar. Jagora ya ba matasa wannan labari, sannan ya bar tsofaffin direbobi su ba da nasu, wanda a ganina ya fi daɗi.

A ci abinci, a yi azahar, a juyo. Fitilun waɗannan motoci ba na dare ba ne, don haka a tabbata mota ta ƙarshe ta shiga Matamaye kafin magariba.