Ɗan Wasa da Doka: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Sa Hannu

A da, ana ɗaukar ƙwallon ƙafa abin motsa jiki da nishaɗi kawai. Amma tun daga 1990, lokacin da aka fara gasar ƙwararru a Nijeriya, wasan ya zama sana'a wadda dubban matasa ke ci da iyalinsu da ita. Kowace sana'a kuwa tana da dokokinta. Rashin sani ya fi dare duhu, don haka ya kamata 'yan wasa da iyayensu da masu horar da su su fahimci waɗannan dokoki, su kuma san amfanin lauya tun kafin a shiga rikici.

Mece ce Yarjejeniyar Ɗan Wasa?

Bisa ƙa'idar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, wato FIFA, ƙwararren ɗan wasa shi ne wanda yake da rubutacciyar yarjejeniya da kulob, kuma ana biyansa fiye da abin da yake kashewa a kan wasan. Alkawarin baka yana da wuyar tabbatarwa a gaban masu shari'a. Lalle ne takarda ta bayyana albashi, da ranar biya, da ladan cin wasa, da wanda zai ɗauki nauyin magani idan an ji rauni, da ranar da yarjejeniyar za ta ƙare.

A ƙa'ida, yarjejeniya ba ta wuce shekara 5. Idan kuwa ɗan wasa bai kai shekara 18 ba, ba a ɗaure shi fiye da shekara 3. Haka nan, tun 2018, idan kulob ya riƙe albashin wata 2, ɗan wasa yana iya rubuta masa takardar gargaɗi, ya ba shi wa'adin kwana 15 aƙalla. In wa'adi ya cika ba a biya ba, yana da ikon warware yarjejeniyar ya nemi diyya. Amma wanda ya tattara kayansa ya tafi ba tare da bin wannan mataki ba, yana iya mayar da gaskiyarsa laifi.

Shari'ar da ta Sake Al'amura

A 1990 yarjejeniyar wani ɗan wasan Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman ta ƙare da kulob ɗinsa na garin Liyej. Ya so ya koma wani kulob a Faransa, amma cinikin ya rushe a kan kuɗin da kulob ɗinsa ya nema, aka kuma rage masa albashi ƙwarai. Lauyoyinsa suka kai ƙara, aka yi shekara 5 ana fafatawa. Ran 15 ga Disamba, 1995, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa ɗan wasan da yarjejeniyarsa ta ƙare yana da 'yancin komawa wani kulob a wata ƙasa ta Tarayyar ba tare da an biya kuɗin sayensa ba. Bosman kansa bai ci moriyar abin sosai ba, domin ƙuruciyarsa ta tafi wajen zaryar kotu, amma na bayansa sun amfana. A 2001 FIFA ta fito da sababbin dokokin sauya kulob.

Darasi daga Ɗan Gida

John Mikel Obi, wanda aka haifa a Jos a 1987, yana wasa a kulob ɗin Lyn na ƙasar Norwe lokacin da Manchester United ta ba da sanarwar ɗaukarsa a watan Afrilu, 2005, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 18. Chelsea ta ce ita ce ta riga kowa. Shi kuma Mikel ya ce an matsa masa ya sa hannu ba tare da wakilansa suna wurin ba. Aka shafe fiye da shekara ana jayayya. A watan Yuni, 2006, aka sasanta: Chelsea ta biya fam miliyan 16, Manchester United ta karɓi miliyan 12, Lyn ta karɓi miliyan 4. A 2008 kotu a Norwe ta sami daraktan Lyn na wancan lokaci da laifin yin takardar jabu. Mikel ya tsira domin manyan kulob suna ribibinsa. Yaron da ba wanda ya san shi, in ya faɗa irin wannan rami, da wuya a ji labarinsa.

Kare Ƙananan Yara

Dokar FIFA ta hana a sauya wa yaron da bai kai shekara 18 ba kulob daga wata ƙasa zuwa wata, sai bisa 'yan dalilai ƙayyadaddu, kamar idan iyayensa sun ƙaura don wani dalili da bai shafi ƙwallo ba. A 2014 an hukunta Barcelona saboda karya wannan doka. Saboda haka, duk wanda ya zo wa iyaye da batun fitar da yaro ɗan shekara 15 zuwa Turai, ya ce a sayar da gona a ba shi kuɗin jirgi, abin tuhuma ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Tun 2023 ana bukatar kowane dillalin 'yan wasa ya mallaki lasisin FIFA, kuma hukumar tana bayyana sunayen masu lasisi.

Ƙananan kulob ma suna da hakki. Idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin don rabawa ga kulob-kulob ɗin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Amma kulob ɗin da bai yi wa yaransa rajista ba, ba shi da hujjar neman ko kwabo.

Ina Ake Kai Ƙara?

Rikicin cikin gida yana bi ta hannun hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, wato NFF. Wanda ya haɗa ɗan wasa da kulob na wata ƙasa kuwa, kotun FIFA ake kai shi, kuma ba ta sauraron ƙarar da ta wuce shekara 2 da aukuwar abin. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 21 ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Sasanta Rikicin Wasanni, wadda ake kira CAS, da aka kafa a 1984 a birnin Lozan na Suwizalan. A 2019 FIFA ta dakatar da Samson Siasia har iyakar rayuwarsa, amma da ya ɗaukaka ƙara, CAS ta mayar da hukuncin shekara 5 a 2021.

Aikin Lauya

Dillali yakan sami ladansa ne idan ciniki ya faɗa, saboda haka burinsa a sa hannu. Lauya kuwa aikinsa ya karanta takarda layi-layi, ya fassara ta da harshen da ɗan wasa yake ji, ya nemi a gyara sharaɗin da zai cutar, ya kuma kiyaye wa'adin kai ƙara.

Abubuwan Tunawa

1. Kada a sa hannu a takardar da ba a fahimta ba, ko wadda aka bar gurbi a cikinta.
2. Ɗan wasa ya karɓi nasa kwafin, ya adana shi tare da shaidar kowane biya.
3. Lauya ya kasance na ɗan wasa ne, ba na kulob ko na dillali ba.
4. Kada a miƙa fasfo ga wani ya riƙe.

Kuɗin lauya kafin sa hannu bai kai kuɗin shari'a bayan an sa ba. Rigakafi ya fi magani.