GODIYA A TSAKIYAR TEKU

Karatu: Ayyukan Manzanni 27:9-44; 28:11-15
Ayar haddacewa: Ayyukan Manzanni 27:35

Kalmar godiya ba ta da wuya a bakinmu. In an ce mana, "Yaya aiki?" sai mu ce, "Da godiya." In an ce, "Yaya gida?" sai mu ce, "Lafiya lau, sai godiya." Mutum yakan faɗi haka sau da yawa kafin rana ta yi tsaka, alhali kuwa zuciyarsa cike take da tsoro. Wani yana tsoron ciwon da ya ƙi jin magani. Wani yana tsoron kada rumbu ya ƙare kafin kaka. Wani kuma yana tsoron abin da dangi za su yi masa saboda sunan Yesu. Baki yana godiya, zuciya tana rawar jiki.

A cikin Maganar Allah ba haka abin yake ba. Godiya ta gaskiya da ƙarfin hali tafiyarsu ɗaya. Darasinmu na yau zai nuna mana wannan ta wurin manzo Bulus, a daren da jirgin ruwansu yake gab da farfashewa.

1. Yadda suka shiga hadari

Bulus ɗan kurkuku ne a wannan tafiya. Ya yi shekara 2 a tsare a Kaisariya, sa'an nan ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar, aka danƙa shi a hannun wani jarumin soja mai suna Yuliyas domin ya kai shi Roma. Wajen shekara ta 59 bayan haihuwar Almasihu ke nan. A hanya suka shiga wani babban jirgi na Iskandariya mai ɗauke da alkama, gama a zamanin nan ƙasar Masar ce take ciyar da birnin Roma. Mutanen da suke cikin jirgin su 276 ne: matuƙa, sojoji, 'yan kurkuku, da fasinjoji. Luka, wanda ya rubuta littafin, yana tare da su, shi ya sa yake ba da labarin da "mu".

Da suka isa tsibirin Karita, lokacin tafiya ya riga ya ƙure. Ranar azumin Yahudawa, wadda takan faɗo a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, ta wuce, kuma matuƙan Bahar Rum sun san cewa daga wannan lokaci teku ba ta da aminci. Bulus ya ba da shawara a dakata. Amma Yuliyas ya fi jin maganar matuƙi da mai jirgi, yawancin jama'a kuma suka goyi bayan a ƙara gaba kaɗan zuwa mashigi mafi kyau. Iska mai laushi ta taso daga kudu, suka ga kamar bukata ta biya. Ba su yi nisa ba sai guguwa mai ƙarfi ta bugo daga arewa maso gabas, ta kwashe jirgin zuwa tsakiyar teku.

Mu lura da abu guda a nan. Bulus bai jawo wa kansa wannan wahala ba. Shawarar waɗansu ce ta jefa shi ciki. Sau da yawa haka yake da mu. Mace takan sha wuya saboda bashin da mijinta ya ci. Ƙauye yakan watse saboda rikicin da ba shi ya tayar ba. Irin wannan wahala ita ce ta fi saurin haifar da gunaguni, domin mutum yana da wanda zai ɗora wa laifi.

2. Sa'ad da bege ya ƙare

Matuƙan sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Sun ɗaure jirgin da igiyoyi ta ƙarƙashi don kada ya tsage. Kashegari suka fara zubar da kaya cikin teku. A rana ta 3 suka jefar da kayan aikin jirgin da hannunsu. Kwana da kwanaki ba rana, ba taurari. A wancan zamani kuwa da rana da taurari ake gane hanya a teku, kamar yadda madugun ayari yake bin taurari a hamada. Rashin ganinsu yana nufin ba wanda ya san inda suke. Luka bai ɓoye ba, ya ce sun fid da zuciya ga tsira (27:20). Har da kansa ya haɗa.

A nan ne Bulus ya miƙe a tsakiyarsu ya ce su yi ƙarfin hali. Ya gaya musu mala'ikan Allah ya zo masa da dare, ya tabbatar masa cewa zai tsaya a gaban Kaisar, kuma Allah ya ba shi rayukan dukan abokan tafiyarsa. Jirgin zai hallaka, amma ba ran da zai salwanta.

Bayan wannan magana guguwa ba ta tsaya ba. A dare na 14, da tsakar dare, matuƙa suka ji alamar sun kusa ƙasa. Suka gwada zurfin ruwa, suka sami gaba 20, kamar yadda masu haƙar rijiya suke aunawa da gaba. Da suka ƙara matsawa suka sami gaba 15. Ruwa yana raguwa, duwatsu suna kusa, ga duhu. Suka saki anka 4 ta bayan jirgin, suna addu'ar gari ya waye. Matuƙan ma suka nemi su sulale cikin ƙaramin kwalekwale su bar sauran, sai da Bulus ya faɗakar da Yuliyas, sojoji suka yanke igiyoyin.

3. Gurasa a hannu, godiya a baki

Ga zuciyar darasinmu. Gab da asuba Bulus ya roƙi kowa ya ci abinci, gama kwana 14 ke nan ba su ci abin kirki ba. Sa'an nan ya ɗauki gurasa, ya yi godiya ga Allah a gaban kowa, ya gutsuttsura, ya fara ci. Aya ta 36 ta nuna mana abin da ya biyo baya: hankalin jama'a ya kwanta, suka sami ƙarfin zuciya, su ma suka ci.

Ɗan'uwa, ka tsaya ka yi tunani. A lokacin da Bulus ya yi godiya, me ya sāke? Iska tana nan. Duhu yana nan. Kwalekwalen tsira ya tafi. Shi kansa har yanzu ɗan kurkuku ne, kuma nan da ɗan lokaci sojoji za su yi shawarar kashe 'yan kurkukun don kada su gudu. Da ya jira sai ƙafarsa ta taka tudu kafin ya gode, da ba wanda zai ga laifinsa. Amma ya gode tun jirgin yana kan ruwa. Mene ne ya gode dominsa? Nassin ya nuna mana abu 3.

Na fari, ya gode domin abin da yake hannunsa. An zubar da kaya, an zubar da kayan aiki, amma gurasa ta rage. Tsoro yakan sa idon mutum ya kafe a kan abin da ya ɓace, har ya kasa ganin abin da Allah ya bar masa. Kwana 14 ga alkama cike da jirgi, ga mutane da yunwa. Godiya ce ta buɗe musu ido.

Na biyu, ya gode domin alkawari. Tun yana tsare a Urushalima Ubangiji ya gaya masa zai yi shaida a Roma (23:11). Shekara 2 suka wuce bai ga Roma ba. Yanzu an sabunta masa alkawarin a tsakiyar teku. Bulus ya riƙe maganar Allah kamar abin da ya riga ya shiga hannu. Manomi da ya binne iri kafin ruwan fari ya sauka ya san wannan irin dogara.

Na uku, ya gode domin ya san mai shi. A aya ta 23 ya bayyana Allah a matsayin wanda ya mallake shi, wanda kuma yake bauta wa. Sarƙar Roma tana hannunsa, amma shi ba na Roma ba ne, ba kuma na teku ba. Wanda aka saya da jinin Almasihu yana da Mai shi, kuma Mai shi ba ya barci.

To, ka ga inda ƙarfin hali yake fitowa. Mai godiya yana tuna wa ransa abin da Allah ya riga ya yi, kuma zuciyar da ta tuna ba ta saurin karaya. Ubangijinmu Yesu ma haka ya yi. A daren da aka bashe shi, yana sane da gicciye a gabansa, ya ɗauki gurasa ya yi godiya (1 Korantiyawa 11:23-24). Bulus sawun Ubangijinsa ya bi.

4. Kada mu fahimci abin a karkace

Godiya ba ita ce musun wahala ba. Bulus bai ce musu jirgin zai tsira ba. Ya faɗi gaskiya cewa za a yi hasara, aka kuwa yi. Jirgin ya kafe a yashi, raƙuman ruwa suka farfasa bayansa, mutane suka fita da iyo, waɗansu a kan katako. 'Yar'uwa, in kin rasa ɗa, Allah bai ce ki ɓoye hawayenki ba. A 1 Tasalonikawa 5:18 an umarce mu mu yi godiya a cikin kowane hali. Ba a ce mu kira mugunta alheri ba. Muna gode wa Allah domin yana tare da mu a cikin halin.

Haka kuma ƙarfin hali ba ganganci ba ne. Mutumin da ya karɓi alkawari daga mala'ika shi ne ya hana matuƙa gudu, shi ne kuma ya ce a ci abinci don a sami ƙarfin iyo. Mai bangaskiya yakan yi addu'a, ya kuma kai yaronsa asibiti. Yakan dogara ga Allah, ya kuma tanadi iri.

Abu na ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya. Bulus bai koyi godiya a daren nan ba. Shekaru kafin haka, a kurkukun Filibi, da bayansa cike da tabon bulala, shi da Sila suna waƙar yabo da tsakar dare (16:25). Daniyel ma, da ya ji an sa hannu a dokar da ta hana addu'a, ya durƙusa sau 3 a rana yana addu'a da godiya kamar yadda ya saba (Daniyel 6:10). Wanda bai saba gode wa Allah a kan tuwon dare ba, da wuya ya iya godiya ranar da rumbu ya ƙone.

5. Ƙarfin hali yana yaɗuwa

Mutum guda ya yi godiya, mutum 275 suka sami ƙarfin zuciya, yawancinsu kuwa ba masu bi ba ne. Dukansu suka kai gaci lafiya a tsibirin Malita, fiye da kilomita 800 daga inda guguwar ta ɗauke su.

Kada mu ɗauka cewa Bulus dutse ne. Bayan wata 3 a Malita suka ci gaba, suka sauka a ƙasar Italiya. Yana tafiya Roma a ɗaure, bai san yadda shari'arsa za ta ƙare ba. Sai masu bi na Roma suka fito taryensa, waɗansu har Kasuwar Afiyas, tafiyar fiye da kilomita 60. Da ya gan su ya gode wa Allah, ya kuma sami ƙarfin zuciya (28:15). Ga kalmomin nan 2 kuma a aya guda, godiya a gaba, ƙarfin zuciya a baya. Wanda ya ƙarfafa jirgi guda shi ma ya bukaci a ƙarfafa shi, kuma Allah ya yi haka ta wurin 'yan'uwan da ba a ma rubuta sunayensu ba.

Ikkilisiya a ƙasar Nijar ta ɗanɗana wannan. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai. Gini ya tafi, kujeru da littattafai suka zama toka. Duk da haka masu bi suka ci gaba da taruwa don sujada, waɗansu a cikin kangon ginin, waɗansu a ƙarƙashin rumfa. Jirgi ya farfashe, jama'ar Allah suka kai gaci.

Ɗan'uwa, wataƙila kai kaɗai ne mai bi a gidanku, ko a wurin aikinka. A ranar wahala idon mutane yana kanka. In sun ji gunaguni, sun saba jinsa. In kuwa sun ga ka ɗauki ɗan abin da ya rage ka gode wa Allah da zuciya ɗaya, za su so su san Allahn da kake bauta wa. A makon nan, kowane dare kafin a kwanta, ka tara iyalinka, kowa ya ambaci abu guda da sunansa da yake gode wa Allah dominsa. Sa'an nan ka nemi wani ɗan'uwa da yake cikin hadari, ka taka ka je wurinsa.

Tambayoyi domin bincike
1. Me ya sa mutanen jirgin suka fid da zuciya ga tsira? (27:18-20)
2. Wane hali ake ciki sa'ad da Bulus ya yi godiya? (27:27-35)
3. Wace "gurasa" ce Allah ya bar maka a hannu wadda tsoro ya hana ka gani?
4. Wane ne a ikkilisiyarku yake bukatar a fita taryensa a wannan mako?

Addu'a
Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin mu naka ne. Mun gode domin abincin yau, da alkawaranka da ba su tashi. Ka gafarta mana gunaguninmu. Ka koya mana mu gode maka tun gari bai waye ba, ka cika mu da Ruhunka Mai Tsarki, domin waɗanda suke jirgi ɗaya da mu su sami ƙarfin zuciya, su kuma san ka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.