Gayya ko Sa Kai? Nazarin Kalmomi Daga Aikin Share Gaɓar Teku

'Yan'uwana ɗalibai, ƙasar Hausa ba ta da teku, amma Nijeriya tana da gaɓa mai tsawon kimanin kilomita 853, kuma Hausawa da yawa suna zaune a Legas da Fatakwal. Don haka ya zama dole mu iya bayyana al'amuran teku da Hausa. Wannan maƙala za ta duba aikin da jama'a ke yi na kwashe shara a bakin teku, da sunan da ya dace da shi.

Da farko, wace dabba ake karewa? Ɗalibai da dama kan ce kunkuru, alhali kunkuru na tudu ne. Ta ruwa ita ce kififiya. Kififiyar teku takan fito kan yashi da dare ta haƙa rami ta yi ƙwai. Mafi girma a cikinsu bayanta kamar fata yake, kuma abincinta wata halitta ce mai taushi da ke yawo a ruwa kamar buɗaɗɗiyar laima. Ledar da ke shawagi cikin ruwa kamanninta ke nan, sai kififiya ta haɗiye ta, ta toshe mata hanji. Tsohuwar komar da masunta suka yar kuwa takan nannaɗe ta har ta kasa tasowa shan iska.

A shekarar 1986 aka fara gangamin share gaɓar teku a jihar Teksas ta Amurka. Ƙungiyar Ocean Conservancy ce ke jagorantarsa, ana yin sa duk watan Satumba a ƙasashe da dama. Masu aikin ba tsinta kaɗai suke yi ba, suna ƙirga abin da suka tsinta su rubuta, kuma guntun sigari ya daɗe yana kan gaba. A Legas, ledar fiya wata da gorar roba na fi cin karo da su. A watan Janairun 2024 gwamnatin jihar ta haramta mazubin abincin nan mai kama da soso, wanda ke toshe magudanan ruwa.

To, yaya za mu kira aikin? Gidajen rediyo sun fi cewa aikin sa kai. Ni dai gayya ta fi yi mini daɗi a baki, sai dai gayya tana da mai ita. Shi ke gayyatar mutane gonarsa, ya ciyar da su, gobe shi ma ya je ta wani. Gaɓar teku ba gonar kowa ba ce, kififiya kuma ba ta dama wa kowa fura. Sa kai ya nuna babu tilas, amma bai nuna taron ba.

A ganina, a ce gayyar sa kai. Ku gwada shi a jimla uku, sannan ku karanta wa Bahaushe ɗan asali ku ji ko zai zauna masa a kunne.