Yadda Mawaƙi Mai Zaman Kansa Zai Ba Da Hayar Waƙarsa Ga Fim, Talabijin Da Talla

Matashin da ke waƙa a Dutsi, ko Mashi, ko Mani, ko cikin garin Daura a jihar Katsina, yawanci hanyoyin samunsa uku ne: liƙin biki, waƙar ɗan siyasa, da ɗan abin da furodusa zai miƙo masa idan wata waƙa ta yi masa. A wannan ta ukun ake tafka asarar da ba a gani. Furodusa ya biya sau ɗaya ya ɗauke waƙar. Ta shiga fim, ta hau YouTube, gidan talabijin ya yi ta maimaita ta, wani ɗan kasuwa ya yanki amshinta ya yi talla. Mai waƙar kuwa yana gefe yana jin muryarsa a wayoyin mutane, aljihunsa wayam.

Akwai hanyar da ta fi wannan, ita ce ba da lasisi. Kowane manomi ya san bambancin sayar da gona da ba da ita haya. Wanda ya sayar ya ci kuɗi sau ɗaya ya rabu da ita har abada. Wanda ya ba da haya yana karɓa duk damina, gonar kuma tana nan ga 'ya'yansa. Lasisi haya ce: ka yarje wa mutum ya yi amfani da waƙarka a aiki kaza, na tsawon lokaci kaza, a kan kuɗi kaza, mallakar tana hannunka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba ka wannan dama. Ga matakan da za ka bi.

Mataki na 1: San abin da ka mallaka

A cikin kowace waƙa da aka naɗa akwai dukiya biyu. Ta farko ita ce waƙar kanta, wato baitoci da karin da aka ɗora su a kai. Ta biyu ita ce naɗin da aka yi a sitidiyo, sautin da ake kunnawa a ji. Mai fim ko mai talla da zai sa waƙarka a ƙarƙashin hoto yana bukatar izini a kan duka biyun.

Kariyar baitoci da kari tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai su, ta naɗi kuwa shekara 50 ce daga fitowarsa. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, kabarinsa yana Daura. A lissafin doka, waƙoƙin da ya ƙirƙira suna da kariya har ƙarshen 2069, kuma haƙƙin ba ya mutuwa da mai shi, gado ne. Abin da ya kawo waƙoƙinsa gare mu shi ne an naɗe su. Doka ma sai waƙa ta shiga takarda ko na'ura take kare ta. Wadda ka rera a dandali ba wanda ya ɗauka, ba ka da abin nunawa a kanta. Don haka ka riƙa rubuta baitocinka da kwanan wata, ka kuma naɗe su ko da a waya ne.

Mataki na 2: Ku raba kaso tun kuna sitidiyo

Nan ne yawancin rigima take farawa. Kai ka rubuta baitoci, wani ya buga kiɗa, wata ta yi amshi, mai sitidiyo ya haɗa sauti, wataƙila wani ubangida ne ya biya kuɗin aikin. Doka tana ɗaukar wanda ya ɗauki nauyin shirya naɗin a matsayin mai naɗin. Idan ba a rubuta komai ba, mai sitidiyo ko wanda ya biya zai iya cewa nasa ne ranar da kuɗi suka shigo.

Kafin kowa ya bar sitidiyo, ku ɗauki takarda ɗaya ku rubuta sunan waƙa, kwanan wata, sunan kowa da aikin da ya yi, da kasonsa cikin ɗari. Misali, mai baitoci da kari 60, mai kiɗa 40, idan haka kuka daidaita. Wanda aka biya ladan aikinsa aka sallama, kamar 'yar amshi, ta sa hannu cewa an biya ta kuma ta yarda a yi amfani da muryarta. Ku kuma rubuta wanda aka wakilta ya ba da izini da sunan kowa. Masu fim suna gudun waƙar da sai an bi mutum biyar kafin a sami amincewa.

Mataki na 3: Tabbatar waƙar taka ce tsantsa

Kowa ya san yadda aka daɗe ana ɗora baitocin Hausa a kan karin waƙoƙin fina-finan Indiya. Irin wannan waƙa ba ka da ikon ba da ita haya, domin karin yana da masu shi. Haka kiɗan da ka sauko da shi kyauta daga intanet, da guntun muryar wani tsohon makaɗi da ka liƙa a farkon waƙa. Na'urar YouTube tana gane sautin da aka yi wa rajista, tana iya toshe bidiyo ko ta karkatar da kuɗinsa ga mai sautin. Idan waƙarka ta jawo wa furodusa haka, ya daina ɗaukar wayarka ke nan. Waƙoƙin gargajiya na dandali da na daɓe su ma doka ta sa kulawarsu a hannun Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, saboda haka ka tuntuɓe ta kafin ka yi kasuwanci da su.

Mataki na 4: Yi rajista

Haƙƙinka yana tabbata tun daga ranar da ka rubuta waƙar ko ka naɗe ta, ko ba ka yi rajista ba. Amma rajista hujja ce da ke sauƙaƙa maka ranar jayayya. Hukumar tana karɓar rajista ta intanet, kana iya cikewa daga Dutsi ba tare da ka je Abuja ba. Ka adana takardar shaidar da za a ba ka.

Bayan haka ka shiga ƙungiyar da hukumar ta amince ta karɓar wa mawaƙa kuɗin amfani da waƙoƙinsu, kamar MCSN. Aikinta shi ne bin gidajen rediyo da talabijin da otal-otal ta karɓi kuɗi ta raba wa masu waƙa. Wanda ba ya cikin rajistarta ba shi da yadda za a gano shi a biya shi. Idan kuma za ka ɗora waƙarka a Audiomack, Boomplay ko Spotify ta hannun kamfanonin rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore, za a ba kowane naɗi lambar shaida mai suna ISRC. Ka rubuta ta ka ajiye, kuma asusun ya kasance da sunanka, kada ya zama na yaron shagon da ya taimaka maka.

Mataki na 5: Shirya kayanka yadda mai tace hoto yake so

Ka karɓi waɗannan daga mai sitidiyo ranar da aka gama aiki, kada ka bari sai kwamfutarsa ta lalace:

Cikakkiyar waƙa a tsarin WAV, domin MP3 ɗin da aka yi ta turawa ta WhatsApp ya riga ya rasa ingancinsa.
Kiɗa zalla ba murya, saboda a fim ana yawan so a sa kiɗa a ƙasa 'yan wasa suna magana.
Murya zalla ba kiɗa.
Gajerun yanka na daƙiƙa 30 da 60 don talla.
Baitoci a rubuce, da taƙaitaccen bayaninsu da Turanci don kamfanonin Legas da Abuja.

Kowane fayil ya ɗauki sunanka, sunan waƙa da lambar wayarka. Ka ajiye kwafi biyu, ɗaya a katin waya ko filashi, ɗaya a intanet. Ka kuma rarraba waƙoƙin bisa yanayi: na soyayya, na baƙin ciki, na biki, na noma, na faɗakarwa. Waƙar da ke cike da sunayen iyayen gida da kirarinsu ba ta shiga fim ɗin kowa. Idan kana son haya, ka riƙa yin waɗanda kowane labari zai iya ɗauka.

Mataki na 6: Nemi masu bukata

Fara da na kusa. A Katsina akwai gidan rediyon jiha da gidan talabijin na jiha, akwai Companion FM da Vision FM, kuma duk suna da sashen talla. Masu sayar da taki da iri, makarantun kuɗi, masu shagunan waya da ƙungiyoyin wayar da kai kan rigakafi da karatun 'ya'ya mata suna neman waƙar talla da Hausar da mutanen karkara za su ji ta shige su. Wannan kasuwa taka ce. Hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta hana amfani da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallan Nijeriya tun daga 1 ga Oktoba 2022, abin da ya ƙara wa muryar gida daraja.

Sai Kano, cibiyar fina-finan Hausa. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in suka samu karɓuwa, Labarina na Aminu Saira ya biyo baya, YouTube kuma ta cika da irinsu. Kowane zango yana cin waƙa da kiɗa. Wanda za ka nema shi ne furodusa, darakta, ko mai tace hoto, domin shi ne yake zaune da fim ɗin yana neman sautin da ya dace.

Saƙonka ya zama gajere: sallama, sunanka da garinku, waƙa biyu ko uku da suka dace da irin aikinsu, da wannan jimla: "Ni ne mai waƙar da naɗinta, ina da kiɗa zalla, kuma zan iya ba da izini a rubuce." Abin da za ka tura na ji ne kawai, MP3 marar nauyi. Babban fayil na WAV sai an sa hannu. Idan shiru ya yi yawa, ka tuntuɓa sau ɗaya bayan mako biyu, cikin ladabi.

Mataki na 7: Yi ciniki da tambayoyi biyar

Kada ka faɗi farashi sai ka ji amsar waɗannan. A wane aiki za a sa waƙar? A ina za a nuna shi, rediyo, talabijin, YouTube ko sinima? A waɗanne ƙasashe? Na tsawon wane lokaci? Shi kaɗai zai yi amfani da ita, ko kana iya ba wasu?

Kowace amsa tana ɗaga farashi ko ta sauke shi. Tallan wata uku a rediyon Katsina daban yake da tallan shekara a duk faɗin ƙasa. Waƙar buɗe shiri da za a ji kowane mako ta fi wadda za ta wuce a fitowa ɗaya. Wanda yake so ya keɓe waƙar shi kaɗai sai ya biya fiye, domin ya rufe maka sauran ƙofofi. Batun ƙasashe kuma ba ƙarami ba ne gare mu da muke bakin iyaka. Fim ɗin Hausa ana kallonsa a Maraɗi da Damagaram, da Gana, da Kamaru, da Sudan, da Saudiyya.

Kada ka raina tsohuwar waƙa. Mawaƙiyar Ingila Kate Bush ta fitar da wata waƙa a 1985, aka sa ta a shirin Stranger Things na Netflix a 2022, ta koma ta ɗaya a jerin waƙoƙin Birtaniya bayan shekara 37. Ta ci moriyar abin sosai domin naɗin yana hannunta.

Mataki na 8: Rubuta yarjejeniya

Doka ta ce sayar da haƙƙi ko ba da lasisin keɓewa ba ya inganta sai a rubuce. Lasisin da ba na keɓewa ba yana iya ƙulluwa da baki, har ma da abin da halinka ya nuna. Ma'ana, idan ka tura waƙa ka yi shiru aka sa ta a fim, ana iya cewa ka yarda. Addini ma ya koyar da rubuta mu'amala da kafa shaidu, don haka babu rashin kunya a cewa babba, "Ranka ya daɗe, a rubuta."

Shafi ɗaya ya isa, ko da Hausa ne. Zuciyarsa ta zama kamar haka: "Na ba wane izinin sa waƙata mai suna kaza a fim kaza, a talabijin da YouTube, na shekara biyu, a kan naira kaza. Waƙar da naɗinta suna nan mallakata. Ba zai ba wani ita ba, ba zai canza baitocinta ba, ba zai sa ta a tallan siyasa ba sai da sabon izinina." Ka ƙara cewa za a rubuta sunanka a jerin ma'aikatan fim, za a biya kafin alƙalami ranar sa hannu, cikon kuma kafin ka miƙa babban fayil. A fayyace wanda zai ci kuɗin YouTube idan an yanko waƙar an ɗora ta ita kaɗai. Ku sa hannu da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi, kuɗi kuma su bi ta banki. Idan ka ga kalmomin "har abada" ko "dukkan haƙƙoƙi", ko kamfani ya kawo takarda mai shafuka da Turanci, ka kai wa lauya kafin ka taɓa biro.

Mataki na 9: Bi sawu

Ka buɗe littafi ka rubuta wa ka ba, wace waƙa, da ranar ƙarewar izini. Ka nemi furodusa ya ba ka jerin waƙoƙin da ke cikin shirin da tsawon kowace, ka miƙa wa ƙungiyarka. Wata ɗaya kafin wa'adi ya cika, ka tuna musu su sabunta ko su cire. Idan ka tarar an yi amfani da waƙarka ba izini, ka fara adana hujja, hoto ko bidiyo da kwanan wata. Sai ka rubuta musu takarda cikin mutunci, sau da yawa a nan ake daidaitawa har a koma ciniki. In sun ƙi, ka kai ƙorafi ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka. Shari'ar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraronta, kuma tana da reshe a Katsina.

Ɗan'uwa mawaƙi, 'yar'uwa mawaƙiya, ba sai kun koma Kano ko Legas za ku fara wannan ba. Ku zaɓi waƙoƙinku uku mafi kyau a wannan makon, ku koma sitidiyo ku karɓo fayilolinsu, ku zauna da abokan aiki ku rubuta kason kowa, ku yi rajista. Wanda ya zo neman waƙa ku karɓe shi hannu bibbiyu, amma haya za ku ba shi, kuma a rubuce.