Darasi: Dokar Gudun Jirage a Tabkin Windamiya

A arewa maso yammacin Ingila akwai wani yanki mai duwatsu da tabkuna da yawa. Mutanen can suna kiransa Lardin Tabkuna. Cikin 1951 Gwamnati ta mai da shi gandun shaƙatawa na ƙasa, watau wuri ne da a ke tsare shi don kada a ɓata kyaunsa, kowa kuma yana da iznin zuwa ya huta.

Babban tabkin wurin sunansa Windamiya. Tsawonsa wajen mil 11 ne, amma faɗinsa bai fi mil guda ba. Ka ga ke nan dogo ne siriri, kamar kogi.

Tun da daɗewa masu son gudu a ruwa su kan zo nan. Cikin 1930 wani Bature, Sir Henry Segrave, ya yi gudun mil 98 a awa a tabkin nan, gudun da ba a taɓa yi a ruwa ba kafin ran nan. Bai gama ba jirginsa ya kife, ya rasu, da shi da wani makanikinsa. Cikin 1967 kuma Donald Campbell ya halaka a tabkin Konistan da ke kusa, yana gudun wajen mil 300 a awa. Sai 2001 aka samo gawarsa.

Waɗannan gwanaye ne, sun san hatsarin da su ka shiga. Damuwar hukuma ita ce masu wasa na kullum. Akwai wani wasa da mutum ya kan ɗaura fallayen katako a ƙafa, ya riƙe igiya, jirgi mai inji ya ja shi a guje bisa ruwa. To, a tabkin nan kuma akwai masu iyo, da masu kamun kifi, da yara cikin ƙananan kwale-kwale. Ka taɓa ganin an yi sukuwa a tsakiyar kasuwa? Haka abin ya zama.

Ban da karo, akwai wata ɓarna. Jirgi mai gudu ya kan ta da igiyar ruwa. Igiyar ta kan jijjiga ƙaramin kwale-kwale, ta daki gaɓa, ta zaizaye ƙasa, ta karya ciyawar bakin ruwa inda tsuntsaye su ke sheƙa. Ga kuma ƙarar inji, alhali mutane sun zo neman shiru ne.

Hukumar gandun ta nemi a sa doka. Masu masaukin baƙi da masu sayar da jirage su ka ce ba su yarda ba, gama in masu gudu sun tafi ciniki ya tafi. Maganarsu ba ta banza ba ce, abincinsu ke nan. Cikin 1994 aka fara zaman bincike, kowa ya faɗi nasa. Sai 2000 Gwamnati ta tabbatar da dokar, ta ba da shekara biyar don mutane su shirya. Ran 29 ga Maris 2005 ta fara aiki.

Ga abin da doka ta ce. Jirgi mai inji ba zai wuce mil 10 a awa ba. Mil na ruwa a ke nufi, ya kuwa ɗan fi na tudu tsawo, watau wajen mil 11 da rabi ke nan, kamar tafiyar mai keke. A wuraren cunkoso mil 6 ne kaɗai. Kowane jirgi mai inji sai an yi masa rajista, an manna masa lamba. Masu tsaron tabki suna zagayawa, wanda ya ƙetare doka a iya kai shi kotu a ci shi tara.

Ba a hana tsere ɗungum ba. Gasar gudu ta shekara shekara da a kan yi a Windamiya an mai da ita Konistan, inda hukuma ta kan ba da izni na 'yan kwanaki.

Tambayoyi

1. Mil nawa ne tsawon Windamiya?
2. Wace ɓarna igiyar ruwa ta ke yi a gaɓa?
3. Don me masu masaukin baƙi su ka ƙi dokar?
4. Shekara nawa ke tsakanin fara bincike da fara aikin doka?