Kafin Ka Kwance Bawul ɗin Tayar Tarakta

Sana'ata gyaran tarakta ce da tayoyinta, kuma duk shekara idan bazara ta kama, masu motocin noma suka shiga shirin haro da huɗa, akwai abin da nake gani yana damuna ƙwarai. A kawo tarakta tayar baya tana yoyo, yaron shago ya kwance bawul, ruwa ya yi ta tsartuwa cikin kwata ko tsakar fili, kowa ya ci gaba da sabgarsa. Babu mai tambayar wane irin ruwa ne. Wannan magana da 'yan'uwana masu faci nake yi, da bakanikai, da masu tarakta, musamman waɗanda suka sayi ta hannu da aka shigo da ita daga ƙasashen sanyi.

Dalilin ɗura ruwan sananne ne: nauyi ake nema. Tarakta in ba ta da nauyi a baya, sai taya ta riƙa juyawa tana haƙar ƙasa, garma ba ta tafiya, gas yana ƙonewa a banza. Akan cika kashi 75 cikin 100 na cikin tayar, a bar sauran wa iska don ta riƙa shanye gargada. Tayar baya mai lamba 16.9-30, irin wadda ke ƙafar Massey Ferguson 375, tana cin ruwa fiye da lita 250. Duro guda bai ɗauke shi ba ke nan, tayoyin biyu kuma sun haura rabin tan.

A nan wajenmu ruwan rijiya ya wadatar, tun da ba ya daskarewa. A Kanada da arewacin Amurka da yawancin Turai kuwa, ruwa zalla ƙanƙara yake zama a cikin taya da hunturu, don haka sai an haɗa shi da wani abu. Wanda ya fi daɗewa ana amfani da shi wani gishiri ne, kalsiyam kulorayid. In an dama shi da kauri, lita guda takan kai kilo 1.3, ba ya kuma daskarewa ko sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili. Wasu kan zuba ruwan lagireto mai etilin gilaikol, wasu ruwan wanke gilashin mota mai metanol. Akwai kuma na baya-bayan nan, ruwan wani tushe da ake yin sukari da shi, baƙi-baƙi mai danƙo, wanda shi ne mafi sauƙin illa. Taraktar da aka saya a gonar can aka loda a jirgin ruwa tana iya isowa da abin da ke cikin tayarta yadda yake, dillali bai sani ba, mai saye bai sani ba.

Ruwan gishirin nan ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa aiki da shi. Ba shi da wari, launinsa kamar ruwa ko ja-ja in ya sha tsatsa, amma yana da santsi a hannu, in da ɗan rauni a yatsa kuma nan take za ka ji raɗaɗi. Takalmin fata in ya jiƙa da shi, washegari za ka tarar ya ƙandare ya tsuke. Inda ya zuba ƙasa ba ya saurin bushewa, domin gishirin yana janyo laima daga iska, ciyawar wurin kuma ta ƙone. Dubi rim ɗin a kewayen ramin bawul: ƙarfen yana tashi ɓawo-ɓawo, wani wurin in ka danna da sukudireba sai ta faɗa ciki. Yanzu a ƙaddara lita 250 na wannan an sake shi a bakin gona ko kusa da rijiya. Gishirin ba ya ruɓewa, ba ya ƙonewa, bin ruwan sama yake yi ya gangara. Rijiyoyinmu na fadama ba su da zurfi, kuma duk mai noman rani ya san abin da gishiri ke yi wa tumatir da albasa.

Amma wanda ya fi tsorata ni shi ne ruwan lagireto. An taɓa kawo mini wata tarakta ta hannu da ba ta daɗe da sauka ba. Da muka sassauta bawul, ruwan da ya fito kore ne shar. Ina waiwayawa na ga wani yaro daga shagon maƙwabta ya ɗauko tiyo zai kai baki ya zuƙo, yadda suka saba janyo fetur daga tanki. Tsawa na daka masa. A bayanmu kuma ga awaki uku suna kiwo a gindin katanga, tazararsu da inda ruwan zai kwanta ba ta kai taku goma ba. Etilin gilaikol zaƙi gare shi, shi ya sa dabba ba ta gudunsa, yaro ƙarami ma ba ya tofarwa. Wanda ya sha, da farko sai ya yi kamar mai maye, ya yi amai, daga baya a ga kamar ya ji sauƙi, alhali ƙodarsa ce ke lalacewa, cikin kwana ɗaya zuwa uku fitsari ya ɗauke. Abin da bai cika kofin shayi ba yana iya kashe babban mutum. Shi kuwa metanol, wanda yawanci shuɗi ne mai warin sinadari, ido yake kamawa, ɗan kaɗan yana makantarwa, ga shi kuma yana kama wuta. In tsautsayi ya sa wani ya haɗiya, don Allah kada a tsaya ba shi manja ko madara ana jiran a ga hali. A kai shi asibiti a take, a tafi da samfurin ruwan a gora, domin akwai magani in an je da wuri, wani lokaci har da wankin ƙoda.

Saboda haka dokar shagona ita ce: ba a ɗanɗanawa, ba a zuƙa da baki, ba a sakin ruwa sai an gane shi. Mukan tari kaɗan a farar gora mu duba launi. In ya fito kamar ruwa, sai mu cika wata gorar irinta da ruwan rijiya, mu ɗora kowacce a sikeli. Ta gishirin za ta rinjayi ɗayar a fili.

Ita kanta zubarwar ba ta da wahala in an bi ta a tsanake. A tsayar da tarakta a wuri mai tauri wanda ba gangare ba, a sa waigi, a ɗaga ƙafar da jak, a tokare da katako mai kauri, kada a dogara da jak shi kaɗai. A juyo bawul sama a fara sakin iska, sannan a cire cikinsa a ɗaura tiyo, a juya taya bawul ya koma ƙasa, ruwan ya gangara cikin duro. In ya rage gudu a ba shi 'yar iska ta turo shi. Wanda ya kwanta ƙasa da bawul sai da siririn tiyo da famfo, ko a bari sai an zare tub. Mai aikin ya sa safar hannu ta roba da tabarau da takalmin ruwa. Kada kuma a kwance taya daga jikin tarakta da ruwanta a ciki don gaggawa. Nauyinta ya haura kilo 350, in ta karkato mutum biyu ba za su tare ta ba. Rim ɗin da ya sha gishiri a wanke shi da ruwa mai yawa, a kankare, a yi masa fenti. In yana bukatar walda, sai an raba shi da taya gaba ɗaya, sakin iska kawai bai isa ba, domin zafin walda yana fasa taya.

Sai babbar tambaya, ina za a kai ruwan? In ruwa ne zalla, a sake shi nesa da rijiya, amma kada a shayar da dabba, ya shekara cikin roba da tsatsa. In na gishiri ne kuma tub ɗin lafiyayye ne, mafi sauƙi a tace a mayar da shi inda ya fito. In mai tarakta ba ya so, a adana a duron roba mai murfi, don na ƙarfe zai huje. A ƙasashen da ya fito ana yayyafa irinsa a hanyar burji don kwantar da ƙura, mu ma za a iya haka kaɗan-kaɗan da rani, a kan hanyar da ba ta kusa da gona ko rijiya ko rafi. Mai gilaikol da mai metanol kam ba su da wurin zuwa a ƙasa ko a kwata. A rufe su ruf, a rubuta “guba” a jiki da manyan haruffa, kada a gauraya da baƙin mai, a nemi ma'aikatar muhalli ta jiha ko ofishin hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don irin waɗannan al'amura, su faɗi yadda za a yi. Na san zirga-zirga ce, ta kuma fi sauƙi a tuntsurar da duro da dare, amma ni ban yarda a yi haka a gabana ba.

Duron ma abin lura ne. A garuruwanmu duro ba ya zama banza, yau yana gareji, gobe yana tsakar gida an tara ruwan sha, ko mai kura ya saye jarkokin. Duk mazubin da ya taɓa ɗaukar irin wannan ruwa, in an gama da shi a huda gindinsa kafin ya bar shago.

Mai tarakta, in an zubar maka da ruwa ba a mayar ba, ka gaya wa direbanka, don motar ta canza: baya ya yi sauƙi, santsi zai ƙaru, birki da gangare sai da kula. Kada a cika ƙafa ɗaya a bar ɗaya. In za a sake ɗurawa, ruwa mai tsabta ya isa a yanayinmu, a cikin tub mai kyau. Mu a shagonmu in mun gama mukan ɗauki fenti mu rubuta a jikin rim, kusa da bawul, abin da muka zuba da shekarar da muka zuba shi.