Kasaru Ga Mai Ziyarar Gida

Wani mai sauraronmu daga Zangon Kumasi, wanda fatauci ya zaunar da shi can shekaru da dama, yana tambaya ko zai yi kasaru idan ya tafi Katsina sada zumunci da mahaifansa.

To, Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan niyya. A mazhabar Imamu Malik, matuƙar tafiya halattacciya ce kuma ta kai mil 48, wanda tsakanin Kumasi da Katsina ya ninka haka sau da yawa, sunna ce ka mayar da Azahar da La'asar da Lisha raka'a biyu-biyu tun daga inda gidajen gari suka ƙare, amma Magariba da Asuba suna nan yadda suke.

Mas'alar tana wajen isowa. Idan har yanzu Katsina ce mazauninka na asali, ko kana da matar da ta tare a can, shigarka garin kaɗai ta yanke hukuncin tafiya, sai ka cika. In kuwa ka riga ka ƙaura ƙaurar dindindin, to, baƙo kake, duk da cewa can aka yanke cibiyarka, kuma ba za ka cika ba sai ka ƙudura zaman kwana huɗu cikakku. Wallahu a'alamu.